Bencin Ƙofar Sakatare

In ka cire Sakatare, babu wanda ya kai bencin nan daɗewa a ƙaramar hukumar. Shi da kansa ya kira kafinta ya buga shi a makonsa na farko, bayan ya leƙo ya ga wata tsohuwa tsaye tun safe, takarda a hannu, tana sauya ƙafa. Daga ranar ya kafa doka: wanda ya riga zama shi zai riga shiga, ko da kansila ne ya zo bayansa.

Ciyamomi shida ya yi wa aiki. Kowanne ya zo da zafinsa, ya sauya labule da kujeru, ya kama gabansa. Sakatare ya rubuta musu jawabai, ya raba rigimar rumfunan kasuwa, ya bi takardun rijiyoyi ofis-ofis har dugadugan takalminsa suka cinye, amma bai bari an taɓa bencin ba. Sai ga na bakwai ya ce abin yana ɓata masa baranda, daidai lokacin da ritayar Sakatare ta zo.

Ranar miƙa aiki ya ba mataimakiyarsa makullai da hatimi, sannan ya tsaya yana kame-kame.

"Yallabai, da saura?"

"Bencin nan... ƙafarsa ta hagu tana rawa."

Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Nauyi ya hana shi roƙon ta ta fara aiki da faɗa da ciyaman.

Bayan wata biyu takardar ritayarsa ta buƙaci sa hannu. Matarsa ta ga yana ta jan ƙafa.

"Malam, sau uku kana gyara hular nan. Zance za ka?"

Ya yi dariya, amma tsoro yake ji. Ba ya son ya tarar da barandar wayam.

Da ya isa, ya tarar an yi sabon fenti, an jera tukwanen furanni. A tsakaninsu ga bencin, da mutum uku a kai. Ya zauna a ƙarshe. Shekara ashirin da tara yana wuce shi, bai taɓa sanin haka yake da tauri ba.

Ƙofa ta buɗe. Mataimakiyar tasa, wadda yanzu ta gaji kujerarsa, ta gan shi, ta tako da sauri, sai kuma ta tsaya. Ta russuna.

"Baba, ina kwana? Akwai mutum uku a gabanka."

"Na ƙirga, 'yata."

Da ta shige da na farko, manomin da ke kusa da shi ya matsa masa wuri.

"Haƙuri za ka yi, dattijo. Nan ba a tsallake layi, ko kai waye."

"Haka na ji," in ji shi.

Ya sa hannu ya girgiza ƙafar hagu a hankali. Ba ta motsa ba.