Jirgin Da Ya Sha Man Kifi

Duk bakin kogin Chaliyar, in ka tambayi Assainar na Beypore, ba za a ce maka wanne ba. Ni ne wanda teku ta haɗiye sau biyu ta tofar, don ta ji na fi ƙarfin haƙoranta. Ban taɓa zama a aji ba, amma na san hanyar Maskat da ta Basra kamar yadda kuka san hanyar banɗakin gidajenku. Tun gemuna bai tsiro ba nake hawa uru, manyan jiragen katakon nan da ake sassaƙawa a garinmu, har sai da gwiwa ta ce ta gaji. Ita ta gaji, ba ni ba.

Daminar da kogi ya yi ambaliya, bangon gidana ya tsage daga sama har ƙasa. Tun rasuwar matata Kadisumma ni kaɗai nake ciki. 'Yata Subaida ta zo ta ga tsagar, ta dafe ƙirji.

"Baba, ka gama zama a nan. Sabon gidanmu na Feroke ya kusa kammaluwa, da kai za mu tare."

"Bangon da ya tsaya tun kafin a haife ki, ke za ki koya masa tsayuwa?"

"Kan kaina ba zai faɗo ba, kan naka zai faɗo. Kuma don Allah tarkacen nan kada ka kwaso mini. Tsohuwar igiya, tsatsattsen ƙugiya, akwatin da gara ta cinye, duk a bar su nan."

Na ce to, shekarun da na yi a duniya kenan ake kira tarkace. Na ƙi cin abincin da ta kawo. Da ta ga haka ta sassauta. Ta ce mijinta Nisar ya aiko da kabad na gilashi daga Sharjah ta ƙasar Larabawa, za a kafa shi a falo, kuma ta ba ni tsakiyarsa in sa abu ɗaya da nake so. Abu ɗaya tak.

Na duba gidan, ban ga abu ɗayan da zai tsaya a madadina ba. Abin da zai tsaya yana ƙarƙashin teku: Zainul Bahri, jirgin da na yi ƙuruciyata a kai, wanda guguwa ta kifar da mu a cikinsa muna dawowa da dabino. Sai na ce zan tayar da shi. Ƙarami, tsawon hannuna daga kafaɗa zuwa yatsa, amma shi ɗin dai, ba kamarsa ba.

Na cire katakon da ke saman ƙofar gidan, tunda gidan ma barinsa zan yi. Itacen tik ne na gaske, ragowar wanda aka gina jirgi da shi, na dajin Nilambur da ake turowa ta kogi. Sannan na aika a kira mini Kelu.

Kelu kafinta ne ɗan kafinta. Ubansa ne ya gina Zainul Bahri, shi kuma yana miƙa masa gizago. Ba addininmu ɗaya ba, amma tun muna yawo ba wando muke zagin juna. Yanzu hannunsa rawa yake, ko kofin shayi sai ya riƙe da biyu. Ya zo yana dogara sanda, ya dubi katakon, ya dube ni.

"Kai da aikinka jan igiya da satar dabinon mutane, yaushe ka zama magini?"

"Rufe mini baki, tsohon banza. Ni na kwana a cikinsa, kai daga waje ka san shi."

"Ai shi ya sa ya nitse. Da ni ke ciki da kunya ta hana shi."

Haka muka fara. Hannu nawa, baki nasa. A garinmu ba a zana jirgi a takarda. Jirgi a kan magini yake, da idonsa, da zare da gawayi. Muka kwantar da ƙashin baya tukuna, na fuskantar da shi kogi kamar yadda ake yi wa manya. Na yanka katako siriri kamar ɓawon rake, ina gasa shi a tururin tukunya har ya yi laushi, in lanƙwasa, in kafa. Sai fata ta tashi ake saka haƙarƙari a ciki, ba kamar 'yan kasuwar nan masu rarake gungume su fenta su sayar wa baƙi ba. Waɗannan akushi suke yi, ba jirgi ba.

Rigimar da muka fi yi a kan hancin jirgin ne. Kelu ya ce na miƙe shi da yawa.

"Zainul Bahri hancinsa a ɗage yake kamar matar mai kuɗi. Wannan naka na akuya ne."

"A wannan hancin nake zama ina hango duwatsun Maskat kafin kowa. Ni za ka faɗa wa?"

"Da gindi ka san shi, ni da hannu. Cire!"

Na cire, ba don ya fi ni gaskiya ba, don dai tsoho ne kada ransa ya ɓaci. Da na ɗaga shi kaɗan kuwa sai ga jirgin ya fito sak. Muka tsaya muna kallonsa. Na ga inda Pokker mai dafa mana abinci yake kafa murhunsa, na ga inda nakuda, shugaban jirginmu, yake shimfiɗa darduma yana yi mana tsawa ko a tsakiyar lazimi. Na ji muryar masu jan jirgi zuwa ruwa, mutum ɗari da igiya ɗaya da waƙa ɗaya. A da in ka tsaya a bakin kogin nan ƙarar guduma ba ta barinka ka ji kiran salla sosai. Yanzu sai kukan hankaka. Kelu ya share ido ya ce garin katako ne ya faɗa masa.

Ƙusoshi da waya na yi su, ina dukan kan kowace. Tsagar da ke tsakanin katako na cusa mata auduga da bakin allura. Igiyoyi na murza su da zaren ɓawon kwakwa a cinyata, ƙyallen da iska ke turawa kuma na yanko shi daga farin mayafin Kadisumma. Rani ya shigo ya kusa fita muna abu ɗaya, muna shan baƙin shayi, muna cin mutuncin juna.

Da aka gama sai abin da ya rage. Kowa ya san ba a barin jirgi tsirara. Daga inda ruwa ke tsayawa zuwa ƙasa, farar ƙasa ce da kitsen tumaki. Daga nan zuwa sama, man kifi. Ban tambayi kowa ba, don ba abin tambaya ba ne, kamar ka tambaya ko a sa wa jariri riga. Na sayo ƙananan kifin matti, na zuba a tukunya, na rufe, na ajiye a rana har suka narke man ya taso. Na tace, na dafa, na shafa da tsumma. Katakon ya shanye, na ƙara. Ya shanye, na ƙara. Ya koma ja-ja-baƙi yana sheƙi kamar goshin ango.

Kelu ya sunkuya ya ja numfashi har cikinsa. "Yauwa," ya ce. "Yanzu ya zama jirgi."

Ana gobe walimar tarewa na naɗe shi da zane, muka hau keken haya mai ƙafa uku ni da Kelu. Ba mu yi nisa ba direban ya fara leƙo mu ta madubi.

"Baba, mushe kuka ɗauko?"

"Uban mushe. Tuƙa mu, ɗan zamani."

Mun tarar Subaida ta fita sayayya. Gida kam gida ne, ƙasa tana ɗaukar ido, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Kabad ɗin yana tsaye a falo cike da farantai da kofuna masu bakin zinariya, tsakiyarsa a buɗe tana jirana. Na zaunar da Zainul Bahri, na rufe gilashi, na ja da baya. Wallahi ko fadar sarkin Larabawa aka kai shi ba zai ji kunya ba. Muka koma Beypore na yi kwanan ƙarshe a gidana.

Washegari na iso da farar rigata, na tarar tagogi duk a buɗe, fanka na gudu, turaren wuta na tashi ta ko'ina. Mata sun fito tsakar gida da bakin mayafi a hanci. Kuliyoyin unguwa uku suna zaune a bakin ƙofar falo kamar masu jiran sadaka. Farantan nan masu zinariya an tula su a baho ana wankewa da lemun tsami. Jirgina kuwa yana ƙasa a kan baranda.

"Baba!" Subaida ta taho idonta jawur. "Me ka shafa wa abin nan? Na buɗe kabad in ɗauko kofuna, uwar mijina ta kusa amai. Labule, kujera, har madarar da za a dafa, komai kifi!"

"Wane kifi? Ƙamshin jirgi ne."

"Ƙamshi!"

Na sunsuna, Allah ya sani ban ji komai ba sai abin da ya kamata a ji. Na juya ga Kelu, wanda ya biyo ni cin biriyani, shinkafar biki da nama. "Kai ka ji wari?"

"Ni turaren nan ne ma ke hawa mini kai," in ji shi.

Nisar, da ya dawo don walimar, yaro ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya. Ya durƙusa kusa da jirgin yana numfashi ta baki. "Baba, aiki ya yi kyau, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Bari in kai wa masu kujeru su kankare shi su fesa masa man ƙyalli. Jibi ya koma kabad."

Kelu ya tuntsire da dariya har sandarsa ta faɗi. "Ɗana, ai man ya kai zuciyar itacen. Ka kankare har ka huda shi, jikokinka za su ji."

"Ko da zai fita ba za a kankare ba," na ce. "Man ƙyalli na teburin amarya ne. Jirgin da ba a ba shi mai ba tsagewa yake, ya mutu a tsaye." Na ɗauki abuna na rungume, man ya ɓata farar rigar, ban damu ba. "Subaida, abu ɗaya kika ce in kawo, na kawo. In gidan nan ya fi ƙarfinsa, ni ma ya fi ƙarfina. Bangona yana nan bai faɗi ba."

Na nufi ƙofar waje. Kuma da gaske nake, duk wanda ya san ni ya san ba na magana biyu. Baƙi suka bi ni da kallo. Subaida ta sha gabana ta tsaya, hannu a ƙugu, kamar uwarta sak.

"Ba inda za ka. Falo kuma ba zai shiga ba. Biyo ni."

Ta kai ni bayan gida. Akwai wata rumfa a gefen rijiya inda magina suka riƙa ajiye siminti, rufin jan bulo, gefe biyu a buɗe, bishiyar kwakwa na yi mata inuwa. Ta share wani benci da bakin zanenta.

"Nan zai zauna. Ɗakinka yana ciki, da gado da fanka."

Na duba. Daga rumfar, ta tsakanin itatuwa, ana hango kogi yana walƙiya can ƙasa, abin da ba a gani daga falon nasu mai labule. Na ajiye jirgin a benci, hancinsa na kallon ruwa.

"A fito mini da gadon nan," na ce.

"Baba, mutane za su ce na jefar da ubana bayan gida."

"Ki ce musu nakuda ba ya kwana nesa da jirginsa."

"Yaushe ka zama nakuda?" in ji Kelu daga baya, bakinsa cike da nama. "Har jirgin ya nitse kana jan igiya."

Aka fito da gado. Nisar ya sa aka kafa mini gidan sauro da tabarmar kare feshin ruwa. Kabad ɗinsu sun cika tsakiyarsa da furen roba, na leƙa sau ɗaya na gani, Allah ya ba su haƙuri. Ni dai wurin da ya fi ko'ina iska a gidan nan shi na samu, kuma duk wata sai na ƙara wa Zainul Bahri mai, kuliyoyi na zaune suna kallo.

Subaida ce ke kawo mini shayin safe da kanta. Da farko takan ajiye ta juya da sauri, hanci a toshe. Wata safiya sai ta zauna a bakin gadon, ta daɗe tana kallon jirgin, ba ta rufe hancin ba.

"Haka rigarka take wari in ka dawo daga tafiya," ta ce. "Inna takan hana ni hawa jikinka sai ka yi wanka. Ni kuwa sai in ɓuya in ɗauke rigar in kai shimfiɗata."

"To ga shi kin samu wadda ba ta wankuwa."

"Sha shayinka, Baba, zai huce."

Ta miƙa hannu ta gyara wata igiya da iska ta karkatar, ta goge yatsanta a zane, ta ci gaba da zama.