Ki Wanke Su

"Ɗiyata, sake duba ƙofar nan," in ji Hajiya Balkisa.

Raliatou ta sake dubawa, karo na uku ke nan. Ta murɗa makulli a gabanta, ta ja labule, har wayarta ta kashe ta kifa a kan firji. Daga ƙasa hayaniyar unguwar Château Rouge ta nan Faransa na hawowa har hawa na huɗu, masu gasa masara na kiran ciniki.

Shekara shida suna maƙwabtaka, ƙofa na kallon ƙofa, amma Raliatou ba ta taɓa ganin ko kunnen Hajiya ba. Ita aikinta ɗaukar hoton biki da suna. Irin wannan hoton na cikin ɗaka, wanda mace ke ɗauka babu mayafi, a wajen Turawa kawai take jin labarinsa. Shi ya sa ranar da Hajiya ta tare ta a matakala ta raɗa mata buƙatarta, sai da ta dafa bango. Ranar Litinin za a yi wa Hajiya aiki a Lyon, garin da 'yarta Lina ke zaune, za a cire mata nono na hagu. Tana so a ɗauke ta tun tana cikakkiya.

"Ba zai hau intanet ba?"

"Tanti, ko kan ordinatena, kwamfutar da nake aiki da ita, ba zai hau ba. Ga katin kyamara sabo, naki ne ke kaɗai."

"Kuma ba tsiraici nike so ba hwa. Ɗaurin ƙirji kawai."

"Iyakar abin da kika ce, shi za a yi. In kin ce in tsaya, na tsaya."

Hajiya ta buɗe jaka ta fito da kasko da turaren wuta. Raliatou ta yi maza ta taka kujera ta sa wa na'urar hayaƙin da ke rufi safa, don kada ta tara musu 'yan kwana-kwana. Wannan ne ya fara ba Hajiya dariya. Ta shiga bayi ta fito da zane shuɗi mai zanen tsuntsaye ɗaure a ƙirji, kitso sabo, lalle har gwiwar hannu. Ta zauna a kujerar katakon da ke gefen taga, ta sandare kamar mai jiran allura.

"Wa za a ba hoton?" Raliatou ta tambaya don ta saki jiki.

"Ke dai ɗauki abinki."

Sai Raliatou ta ajiye kyamara ta tambaye ta labarin zanen. Ashe na lefenta ne, daga Damagaram ya zo, shekara talatin da ɗaya yana ƙasan akwati. Hajiya na cikin ba da labarin yadda ƙawayenta suka ɓoye ta a rumbu ranar kamu, kafaɗunta suka sauka, wushiryarta ta bayyana. A nan Raliatou ta fara dannawa. Hoto arba'in da biyu ta ɗauka, a na ƙarshe Hajiya ta ɗora hannu a kan nonon da za a cire, tana kallon taga.

Suka duba su tare a bayan kyamara.

"Ashe haka nike," in ji Hajiya. Ta mayar da hijabinta. "Ki aje su wurinki. In na dawo mu zaɓa tare. In kuma ta Allah ta kasance, ki wanke su. Kar ki jira kowa ya ce miki."

"D'accord, Tanti. Amma za ki dawo."

Tana da shekara biyar aka kawo Raliatou Faransa. Hausarta ta kicin ce da gaisuwa, kuma tun da ta fara sana'a, masu biki ta waya suke karɓar hotunansu. A iya saninta, abin da aka wanke ya fita ke nan, kamar maiƙo a kwano. Ga shi kuwa matar ta wuni tana tsoron idon mutane. Ba ta ga abin tambaya ba.

Hajiya ba ta dawo ba. An yi aikin, har ta turo saƙon murya tana ƙorafin abincin asibiti ba gishiri ba yaji. Mako uku bayan haka Lina ta bugo waya tana kuka da Faransanci. Ciwon ya riga ya kai huhu. A can Lyon aka yi mata sutura.

A ranar, da la'asar, Raliatou ta ɗauko katin daga cikin gwangwanin shayi. Ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana kuka har da majina, sannan ta goge su duka. Don kada wani gwani ya iya tono su, ranar Asabar ta tafi da katin wajen wani suna ta cika shi da jariri da raguna. Ta ji sanyi a ranta, ta cika alkawari.

Amma ƙamshin turaren ya ƙi barin labulenta. Duk sanda ta wuce kujerar nan sai ta ji kamar ta ce sannu.

Bayan sadakar arba'in aka ƙwanƙwasa mata ƙofa da hantsi. Malam Kamalu ne, mijin marigayiya, wanda ɗaukar akwatunan kayan miya a kasuwar Rungis ta ranƙwafar wa da baya. Ya tsaya a bakin ƙofa suka gaisa, ta yi masa ya haƙuri, ya ce haƙuri sai ma'abocinsa ya bayar. Yana riƙe da leda.

"Kwana biyu kahin ta cika ta ce mini ta bar ajiyata wurinki," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ta ce ta hwaɗa miki ki wanke su. Na ce bari in zo in ji ko sun hito."

"Sun fito?"

"Hotunan. Ko mai wankin bai gama ba?"

Ya zaro ƙaramin albam daga ledar, sabo fil, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba.

"Baba, wanke hoto... mene ne?"

Ya dube ta da mamaki. "A hiddo shi bisa takarda mana. A Damagaram in an ɗauke ka, sai mai hoto ya ce je ka dawo jibi, sai an wanke."

Ta gaya masa. Ba ta ɓoye komai ba, har sunan da ragunan. Ta so ya yi mata faɗa, ya zage ta, ko ta sami abin riƙewa. Malam Kamalu sai juya albam ɗin yake a hannu.

"Ko guda?"

"Ko guda, Baba."

"Allahu akbar," ya ce a hankali. Can ya ce, "Shekara talatin da ɗaya, ba ni da hotonta sai na kan pasipo."

Ya juya kamar zai tafi, sai ya tsaya. "A ina ta zamna?"

Raliatou ta buɗe ƙofar gaba ɗaya ta bar ta a buɗe. Ya tuɓe takalmi ya shigo. Ta nuna masa kujerar.

"Wane zane ta ɗaura?"

"Shuɗi, mai tsuntsaye."

Ya runtse ido. "Ni na saye shi. Ta ce mini asu ya cinye shi tun tuni." Ya ja numfashi, da alama ya ji turaren. "Ta yi dariya?"

"Ta yi. Har wushiryarta ta fito."

"Ke a ina kika tsaya?"

Ta nuna masa wurin, taku uku daga taga, inda ƙafar kyamara ta bar shaida a kan darduma. Malam Kamalu ya je ya tsaya daidai nan, ya rungume albam ɗin a ƙirji. Rana ta ratso labule ta kwanta a kan kujerar. Safar nan na rufi har yanzu ba a cire ta ba. Ya gyara tsayuwa, ya ɗan karkata kai, yana kallo.