Duron da Ya Sauko Cike

"Juye shi nan, Mola, kafin su ƙaraso," in ji jagoran tafiyar.

Lyonga, wanda suke kira Mola, wato kawu, bai sauke duron ba. Yana tsaye a bakin ramin, gammonsa ya jiƙe da gumi duk da sanyin da ke yankar kunne, gajimare na ratsa ƙafafunsa kamar garken tumaki. Can ƙasa, tafiyar yini guda, rufin kwanon ƙauyensu Bomote na ƙyalli ta wata 'yar kafa da iska ta buɗe. Daga sama kuma ana jiyo ƙas-ƙas ɗin sandunan baƙi goma sha ɗaya, suna gangarowa daga ƙolin dutsen Fako.

"Ba nan muke zubarwa ba," in ji shi.

"Da can ke nan." Esuka, jagoran tafiyar, ya waiga ya dubi hanya. "Turbar wancan ramin ta zaftare tun ruwan makon jiya, da idonka ka gani. Rami ai rami ne."

Kamfanin nasu da alkawari ɗaya ya yi suna a ƙasashen baƙi: ba a barin komai a kan dutse, daga takardar alawa har abin da mutum ya fitar daga cikinsa. Kowane zango akan kafa ɗan tanti, a cikinsa shuɗin duro mai murfi. Baƙo ya shiga ya yi uzurinsa, ɗan dako ya ɗaure ya ɗauka. Saboda wannan alkawari mutane ke tsallako teku, su hau su sauka da zuciya fes. A takarda 'yan dako tara ne, a kan dutse biyar. Mutum biyar kuwa ba sa saukar da kayan mutum tara bisa tsakuwar da ke gudu a ƙarƙashin ƙafa, sai in wani abu ya rage nauyi. Shekara huɗu ke nan durorin na rage nauyi a tsakiyar hanya, kuma Lyonga ne da kansa ya nuna inda za a riƙa juyewa.

Shi ya sa ya san rami ba rami ba ne. Dutsen nan ba ya riƙe ruwa a gadon bayansa, shanyewa yake yi ya amayar a ƙasa, kuma kowane rami da inda yake ɓullewa. Yana ɗan shekara goma ubansa, wanda maharbi ne, ya tsaya da shi daidai wannan wuri ya tsiyaye kwalbar manja cikin duhun. Kwana uku jan maiƙo ya taso a idon ruwan Bomote.

"Wannan a idon ruwanmu yake fita," Lyonga ya ce. "Kwana uku."

Njie, abokin dakonsa na shekara ashirin, ya riga ya kwance murfin nasa. "Haba Mola, na Turawa ne fa, ba na kowa ba. Daga madara sai biskit. Wataƙila ma jikokinmu su tashi da Turanci a baki."

Sauran suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

"A can matarka ke ɗebowa, Njie," in ji Lyonga.

"Tafasawa take yi."

"Da wane icen? Wanda ka sayar ka sha bammi?"

"To, limamin dutse," Esuka ya katse su. Shi a cikin gari yake zaune, da famfo a tsakar gidansa. "In gwiwarka za ta iya, sauka da shi har gindin dutsen. Ku kuma ku yi sauri."

Duro uku suka tuntsure. Ramin ya haɗiye ba ko ƙara. Lyonga ya gyara zaman nasa a ka, ya sa ƙafa a gangare.

* * *

Gwiwar ta iya, amma sai da ta karɓi ladanta. Washegari da la'asar ya iso ƙofar gandun dajin da ke gindin dutsen yana jan ƙafar hagu, shi ne na ƙarshe. Oga Mbella, mai kamfanin, ya riga ya rataye sikeli a reshen bishiya kamar kullum. Ana ɗora buhunan gwangwani da leda, ana faɗin nauyi, baƙi na tafi. Durori kuwa kai tsaye akan wuce da su bayan mota, wa zai so ya matsa kusa da su?

Lyonga ya nufi sikelin ya saƙala nasa. Allurar ta zabura har reshen ya sunkuya.

Wata dattijuwa cikin baƙin, mai farin gashi da kaifin ido, ta dubi allurar, ta taka zuwa motar, ta ɗaga ɗaya daga cikin sauran durorin da hannu guda. Ta juyo tana tambaya.

Oga Mbella ko ƙifta ido bai yi ba. Mutum ne da zai sayar wa kifi ruwa. Ya ce ai akwai ramin siminti na musamman a zangon farko, can ake juyewa a zuba magani. Wannan dattijon dai tsabar amanarsa ce, ko ramin kamfani bai yarda da shi ba, sai ya kawo har ƙasa. Ya dafa kafaɗar Lyonga yana murmushi, ya matso da baki kusa da kunnensa, ya koma harshen gida.

"Gida sittin ke cin abinci a hanyar nan, Mola. Faɗa mata. Gobe ka ga wanda zai fara jifan rufinka."

Lyonga yana da Turancin da zai ishe shi, na tasha da na bakin teku, ya yi dako a wurare da yawa kafin dutse. Ya buɗe baki. Sai ya ga Njie tsugune gefen mota, ya zuba masa ido, hularsa a hannu yana murzawa. 'Ya'ya shida gare shi. Lyonga ya rufe bakin. Aka yi tafi, aka ɗauke shi hoto da duron a gabansa, dattijuwar ta kama hannunsa da hannu biyu tana girgizawa.

A ransa ya ce ba komai. Baƙi ba su ne ke shan ruwan ba. Masu sha zai faɗa wa.

* * *

Ya tarar da matarsa Enanga tana goga gwaza a ƙofar kicin, 'yarsu Limunga na zaune a kujera tana shayar da jaririnta ɗan mako uku.

"Daga yau ba mai ɗebowa a idon ruwanmu," ya ce tun kafin ya zauna. "Na randa ma a lallaɓa shi."

Ya faɗa musu komai, bai rage ba. Limunga ta ƙara matse jaririn a ƙirji. Enanga ta ci gaba da gugarta, sai da gwazar ta ƙare a hannunta sannan ta ɗago.

"Shekara huɗu ka ce?"

"Amma ba a wannan ramin ba. Ni na zaɓi wancan, don na san ba ya zuwa mana."

"Ina yake zuwa?"

Ya hau murza gwiwa.

"Uban Limunga, da kai nake. Ɗan maharbi ne kai, ba ramin da ba ka san bakinsa ba. Ina yake fita?"

"Ƙoramar barikin ayaba."

Can leburorin gonar ayaba ke zaune, mutanen tudu da suka zo cin rani suka zarce. Ba 'yan ƙasa ba ne, ba mai zuwa bikinsu. Enanga ce kawai ke da ƙawa a cikinsu, Mami Bih, wadda rumfarta ke jikin tata a kasuwa. Bara waccan amai da gudawa ya ɗauke mata jikoki biyu cikin mako guda. Enanga ta kai mata gaisuwa da tukunyar abinci, Lyonga ne ma ya rako ta da ita har ƙofa.

Enanga ta tashi ta wanke hannu da ruwan randa, kaɗan-kaɗan, kamar mai auna turare.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci Lyonga ya tsaya a gaban jama'a ya faɗa da babbar murya. Dagaci ya saurara har ƙarshe, sannan ya aika aka ɗebo ruwan a kofin gilas, ya ɗaga shi ga rana. Garau, har kana hango bishiya ta cikinsa.

"Ubanka ya nuna mana jan maiƙo, muka yarda. Kai me ka nuna?"

"Manja ja ne, ranka ya daɗe. Wannan ba ya da launi."

"Yo ko dai an daina kiranka aiki ne?" wani ya jefo daga baya. Ba a daina ba tukuna, amma bakin nasa ya kama. Tafiya uku aka yi bayan nan, ba wanda ya aiko neman Lyonga. Gida biyar suka ji maganarsa. Matar Njie ba ta cikinsu.

* * *

Wanda ya bar idon ruwan Bomote ba shi da wurin zuwa sai ƙoramar bariki. Tun da turbar wancan ramin ta zaftare ba a sake zuba mata komai ba, kuma damina ta yi wata guda tana wanke ta. Enanga ta ce ita ƙafarta ba za ta taka wurin ba, ba ta da idon da za ta kalli Mami Bih. Don haka shi ke zuwa, safe da yamma, da jarka mai ruwan ɗorawa, yana ɗingishi ta cikin layukan ayaba.

Ran nan ya tarar da layi, Mami Bih na gaba. Ta gane shi tun daga nesa.

"A'a, mijin ƙawata! Me ya kawo babban mutum ƙoramar talakawa? Ku matsa masa, ba ku ga ƙafarsa ba?"

Ta karɓi jarkar ta cika masa da kanta, ta ɗauraye bakin, ta murɗa murfin.

"Ruwanmu ya gyaru kwanan nan," ta ce. "Yara sun daina ciwon ciki. Allah ne ya waiwaye mu. Ka ce wa Enanga na yi fushi, ta guje ni a kasuwa."

Ya durƙusa ya naɗe gammo. Ta kama gindin jarkar, ya kama sama, suka ɗaga tare.

"Ta zauna daidai?"

"Ta zauna," in ji shi.