Ranar da Inna Ta Ga Karofi

Kwana hamsin da rasuwar Malam Isyaku marini, saƙo ya shigo wayar ƙaninsa, Baffa Sani. Turawan nan ne da suka zo Ƙofar Mata bara da kyamarori, suka yi kwana uku suna ɗaukar masu rini a karofi. Sun ce shirin zai fito a tasharsu ranar Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma agogon Najeriya, minti talatin kacal.

Murja, 'yar marigayin, tana tsakar gida lokacin da Baffa ya karanta saƙon. Ta ga mahaifiyarta, Inna Larai, ta ajiye carbi.

"Shi ma yana ciki?" in ji Inna.

"Yaya ai shi ne shirin ma gaba ɗaya," in ji Baffa. "Sai dai kina takaba, ga shi ba dama ki fita kallo."

Inna ta ce, "Tun soja na mulki aka kawo ni gidan nan. Da aka dawo farar hula na bi layin zaɓe har sau shida. Amma ban taɓa ganinsa a bakin aikinsa ba. Kullum sai in ce wata rana."

"Za ki gan shi, Inna," Murja ta ce. "A ɗakinki, kina zaune a kan tabarmarki."

Ba cika baki ta yi ba, sana'arta ke nan. A shagon da take aiki a Koki, ita ce ke saita wa mutane akwatin talabijin mai aiki da intanet. Abu biyu ake zuba wa akwatin: jerin tashoshi, da kuma jadawalin da ke faɗin abin da kowace tasha za ta nuna da lokacinsa. Kowace tasha tana da lambarta. In lambar da ke jeri ta yi daidai da ta jadawali, sai sunan shiri ya fito a ƙasan hoto. Ranar Laraba ta haɗa komai, ta gwada, ta ga tashar Turawan da tambarinta na ɗan kwalekwale. Hankalinta ya kwanta.

Alhamis ana idar da la'asar Baffa ya shigo, ko hannu bai gama wankewa ba. Inna ta gyara lulluɓi. Murja ta kunna. A ƙasan hoto ga rubutu raɗau: Marinan Kano, ƙarfe huɗu. A saman rubutun kuwa wani ƙaton Bature ne da doguwar farar hula yana soya albasa.

Baffa ya matso da fuskarsa kusa da gilashin. "Ke Murja, ni dai ban san Yaya da girki ba."

Murja ta jawo kwamfutarta ta buɗe jerin, nan take ta gane. Mutumin da suke karɓar jerin a wajensa ya sabunta shi da safe, ya birkita komai. Sunaye suna nan inda suke, amma hotunan sun canza ɗaki. Tasha dubu ɗaya da ɗari biyu, kuma babu wacce sunanta zai ƙara zama shaida.

Ta kira shi, waya a kashe.

"Baffa, riƙe wannan, ka dinga dannawa ɗaya bayan ɗaya. Kwalekwale muke nema a kusurwar dama. Ni zan bi ta ƙasan jerin a kwamfuta."

"Ni da ko rediyona ba na iya kamawa?"

"Danna kawai, Baffa!"

Ya shiga dannawa yana mita. Ƙwallo. Labarai da Larabci. Wasu mata suna rawa, ya yi a'uzubillahi ya wuce da sauri. 'Yan dambe. Wani abu a kan dutse. Wani malami da jan rawani. Kowace tasha sai ta yi ta juyi kafin ta buɗe, agogon bango kuma bai san uzuri ba. Huɗu da kwata. Huɗu da ashirin. Idon Inna na kan gilashin, ko ƙiftawa da ƙyar.

Huɗu da ashirin da tara Murja ta yi ihu. "Ga shi!"

Ta juyo da kwamfutar. Ga ɗan kwalekwale a kusurwa, ga wani shuɗin zane yana kaɗawa a kan igiya, ga kuma sunaye suna hawa sama a jere. An gama. Talla ta shigo.

Baffa ya ajiye abin dannawa a hankali kamar ƙwai.

"Ba komai," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa. "Allah bai nufa ba. Kin yi ƙoƙari, 'yar nan."

Da faɗa ta yi mata da ya fi sauƙi. Murja ta sunkuyar da kai kan jadawalin don kada a ga idonta, tana ta jan shafin ba tare da ta san me take nema ba. Sai ga sunan tashar ya sake fitowa a karo na biyu, da wata 'yar alama a gefensa. Ta goge ido ta sake dubawa. Marinan Kano, ƙarfe biyar.

"Inna! Tashar tana da 'yar uwa mai latti. Duk abin da waccan ta nuna, ita sai bayan awa ɗaya take nunawa. Muna da minti ashirin da biyar!"

"Mu sake bin dubu da ɗari biyu?" Baffa ya riƙe baki. "Sai dai mu same ta ranar Sallah."

"Ba lalube za mu yi ba yanzu. Jadawali ya faɗi abin da take nunawa a daidai wannan lokacin." Ta bi layin da yatsa. "Daga huɗu zuwa biyar, masu ɗiban zuma a kan duwatsu. Duk inda muka ga masu zuma, ita ce."

"Ai mun wuce su," in ji Inna.

Suka juyo gaba ɗaya.

"Wasu mutane ne a jikin dutse, sun ɗaura igiya a ƙugu, suna hayaƙi. Bayan 'yan damben nan, kafin malam mai jan rawani. Sani ne ya wuce da sauri, yana can yana neman tsari da masu rawa."

"Ni? Yanzu kuma laifina ne?"

Murja ta fizge abin dannawa ta fara komawa baya. Inna ce ke jan ragama. "Ba nan ba. Wuce. Wannan daga baya ya zo. Wuce. Yauwa, ga jan rawani. Koma ɗaya."

Hoton ya yi ta juyi, ya yi ta juyi. Sai ga dutse, ga igiya, ga hayaƙi, ga ɗan kwalekwale can a kusurwa, ƙarami ƙwarai, an lanƙaya wa tashar sunan wata tashar wasan yara. Murja ta gyara lambarta ta yi daidai da ta jadawali. Rubutun ƙasa ya canza: Na gaba, Marinan Kano.

Biyar daidai aka buɗe da ramukan karofi a jere, rana na haska ruwan baba. Kyamara ta sauko kan wani dattijo da ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana juya rami da doguwar muciya. Malam Isyaku ne. Ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗago shi kore, ya riƙe shi a iska har ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ya kalli mai ɗauka ya ƙyalƙyale da dariya. Sannan ya ɗaga murya ya ja waƙar aiki, sauran marina suka amsa.

Inna ta dafe ƙirji. "Sani, waƙa yake yi?"

"Kullum. Shi ne mai bayarwa, mu muna amshi."

"Mutumin da ko a bikin 'ya'yansa ba a jin muryarsa?"

"A gida malam ne. A karofi kuwa, hmm, bari kawai."

Inna ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. "Ƙaro murya, Murja."

Murja ta ƙara, ta saita wayarta tana naɗar hoton. Da amshin ya zagayo, Baffa ya kasa daurewa, ya karɓa a hankali daga inda yake zaune.

Inna ta matsa gaba har gwiwarta ta taɓa teburin. Ba ta ɗauke ido daga gilashin ba ta ce, "Wane rami ne nasa a ciki?"

"Na uku daga bakin ƙofa," in ji Baffa. "Yana nan, ni nake juya shi."

"To ranar da na fita takaba, can za ku fara kai ni."