Ɓawon Limpanas Don Jaririya

Tsoho Lamat ya farka daga gyangyaɗin hantsi ya tarar ana ruwa ana rana, nan take gabansa ya faɗi. Duk ɗan ƙabilar Kedayan ya san a irin wannan ruwan miyagun iskoki ke fitowa, kuma jarirai suke nema. Maganin abin shi ne a turara ɓawon limpanas a ɗaki. Ga shi matarsa Jarah ta haihu, kuma babu ko ɓallin itacen a gidan.

Maganar gaskiya, Jarah ta daɗe a kabari, jaririyar kuwa har ta yi furfura. Tsufa ne ya dagula wa Lamat lissafi, jiya da zamanin samartaka duk suka zube masa a tukunya ɗaya. Ya zari addarsa, ya lallaɓa ya bi tsani ya sauka daga gidansa da ke bisa dirkoki, ya nufi dajin da ke bayan gonar shinkafa.

Da ya isa bai ga daji ba, bai ga gonar ba. Bishiyoyin kwakwar manja ne a jere, kowane layi kamar ɗan'uwansa. Ya bi wannan, ya dawo ta wancan, ya tsaya yana waige-waige. Ko dai hanya ya ɓata? To hanyar da ya bi tun yana yaro ce za ta ɓace masa yau?

Wani ma'aikacin gonar ya tsayar da babur a gabansa.

"Baba Lamat! Ina aka nufa a ruwan nan? Zance za ka?"

"Zancen gidanku. Ina kuka kai dajin da ke nan?"

"Wane daji kuma? Ai tun ina yawo ba wando aka sare shi."

"Ƙarya kake, jiya na bi ta cikinsa. Kai ɗan gidan wa ne ma?"

"Sabli ne fa, ɗan Tuwa."

"Tuwa ko aure bai yi ba, ya haifi gardi irinka?"

Sabli ya tuntsire da dariya, sai kuma dariyar ta tsaya masa. "Hau in kai ka gida, Baba. 'Yarka Masni na can tana cigiyarka."

"Masni ko cibiyarta ba ta faɗi ba, da wane bakin za ta yi cigiyata? Ba ni wuri."

Ya wuce, Sabli ya ajiye babur ya bi shi daga nesa. Can ƙarshen gonar akwai wani kwazazzabo da motar sharar daji ta kasa shiga. Lamat ya gangara yana dafa saiwoyi, ya riƙa kartar kowane ɗan itace da farce yana shinshinawa. A nan ya sami limpanas ɗin, bai wuce ƙirjinsa ba, ganyensa dogaye kore shar. Hanci dai bai tsufa ba.

Ya zagaya don kada inuwarsa ta faɗa kan itacen, kamar yadda kakansa ya koya masa. Ya ɗaga adda, sai ya rasa abin da ya kawo shi wurin. Tsoro ya kama shi sosai, ya tsaya da hannu a sama, ruwa na bin gwiwar hannunsa. Da ƙyar abin ya dawo masa. Ya sari reshe ɗaya ya rungume.

Da suka koma gida shi da Sabli, a gindin tsani suka tarar da Masni, zanenta ya jiƙe sharkaf, ta sha yawon nema.

"Baba, so kake ka kashe ni?"

Lamat ya dubi furfurarta, ya ɗauka ungozoma ce. "Rage surutu, baiwar Allah, kawo garwashi. Yarinyar ta yi kuka?"

Masni ta buɗe baki za ta gyara masa kamar kullum, sai ta ji ta gaji. Ta shiga ta ɗauko kasko. Ya zauna yana fere ɓawon a kan wuta, hayaƙi mai ƙamshi ya cika ɗakin.

"Ina take? Kawo ta kusa."

Masni ta matso har gwiwarta ta taɓa kaskon. "Tana kusa, Baba. Yana kai mata."

"Alhamdu lillahi. Da na makara fa?" Ya sauke numfashi. "Ki riƙe min ita da kyau, don Allah. Ita ke nan gare ni."

"Ina riƙe da ita."

Ya ci gaba da fifita garwashin, yana satar kallon matar, yana mamakin abin da ya sa ungozoma kuka.