Farin Yakutun Likita

A duk layin masu gyaran zinariya babu wanda ya kai Mai Ido raina mutane, kuma cikin duwatsu babu wanda ya raina kamar farin yakutu. Wai daimon ɗin masu son a sani ne, ga fari ga sheƙi amma ba wuta a cikinsa, kwana uku a yatsa sabulu da mai sun dusashe shi. Idan wani ya shigo shago ya ce yana son a ɗora masa shi a zobe, sai tsohon ya taɓe baki ya nuna masa teburin 'yarsa da haɓa, ko kallo na biyu ba ya ƙara masa.

Sunan ma shi ya raɗa wa kansa. Shekara arba'in yana cika baki cewa daga bakin ƙofa yake gane dutse. Gilashin da ake maƙalawa a ido yana cikin aljihun tebur ya yi ƙura, na'urar gwaji kuwa cewa yake ta makafi ce. Abin da ba ya faɗa shi ne idon ya fara hazo. Watan jiya ya fasa wa wata mata dutsen ɗan kunne, babbar 'yarsa, wadda yanzu ita ke riƙe da shagon, ta gaya masa a fili.

"Baba, in aka ƙara ɓata kayan mutane, ka bar teburin nan. Ga kujera can bakin ƙofa, ka riƙa tarbar baƙi."

Ya yi tsaki. Shi da ya koya mata riƙon hantsaki za ta mayar mai gadi?

Wata rana da hantsi wata likita ta shigo, mota sai ƙyalli, agogon hannunta kaɗai ya isa kallo. Ta zare zobe ta ajiye. Ɗaya daga cikin faratan zinariyar da ke riƙe dutsen ya cinye, tana tsoron ya faɗi.

"Na mahaifiyata ne, Allah ya ji ƙanta," in ji ta. "Baba, dutsen dai…"

"Na gani," ya katse ta. "Tun ba a haife ki ba nake taɓa irinsa. Ki dawo nan da awa biyu."

Gaskiyar magana, motar ya gani da agogon. Mace irin wannan ai ba za ta sa dutsen 'yan kwaikwayo ba. Daimon ne, magana ta ƙare.

A wannan sana'a akwai abin da kowa ya sani. Daimon ana iya barinsa a zobe a yi masa gyara, a shafe shi da farin garin sinadari don kada wuta ta taɓa shi, a ɗiga zinariya a kan farcen. Yakutu kuwa wannan garin ne abokin gabarsa. Da garin ya ji zafi sai ya narke ya ci fuskar dutsen. Dole a cire shi tukuna, aiki ya ninka. Mai Ido ya sani sarai, shi da kansa ya zagi wasu ba sau ɗaya ba a kan haka.

'Yarsa ta ɗago daga inda take goge sarƙa. "Baba, ka gwada shi?"

"Ki gwada naki."

Ya tsoma zoben cikin sinadari, ya kunna wuta, ya yi aikinsa cikin natsuwa har da ɗan waƙe-waƙe. Hannun kam bai mutu ba, farcen ya fito sumul kamar da shi aka ƙera zoben. Ya bari ya huce, ya wanke, ya goge da tsumma.

Dutsen ya ƙi haske. Ya ƙara wankewa. Ya hura masa iska ya murza a gefen rigarsa. Fuskar ta yi fari fat kamar gilashin tagar banɗaki. Ya ce a ransa idon ne, ya matsa kusa da fitila. Can dai ya jawo aljihun tebur a hankali, kamar ɓarawo, ya ɗauko gilashin nan mai ƙura ya maƙala. Duk saman dutsen ya zama ƙananan ramuka, gefunan da aka yanka masu kaifi sun lalace. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunne.

Bai ji tasowar 'yarsa ba. Ta miƙa hannu, ya ba ta. Ta duba sau ɗaya.

"Yakutu ne."

"To wa ya ce mace kamarta ta sa wannan tarkacen?" in ji shi. "Da daimon ne da ba abin da ya same shi."

"Ta buɗe baki za ta gaya maka."

"Mai yankan dutse zai iya gyara shi."

"Zai kankare shi, ya rage, ya daina zama a zoben. Wanda uwarta ta sa dai ya tafi."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta rufe bututun gas, ta naɗe tiyon wutar, ta kwashe hantsukansa da zartunansa ɗaya bayan ɗaya ta zuba a akwatinta. Yana zaune yana kallo, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa.

Motar likita ta tsaya a waje tun awa biyun ba su cika ba. 'Yar ta naɗe zoben a farin ƙyalle, ta buɗe tafin hannunsa ta saka masa.

"Tashi, Baba. Kai ka karɓa, kai za ka mayar."

Ya miƙe da ƙyar. Likita ta turo ƙofa tana murmushi, tana murza yatsan da babu zobe.

"Sannu da aiki, Baba. Ina hanya na tuna ban ƙarasa gaya maka ba, sai na ce ai kai ba sai an gaya maka ba."