Alawar Jidda

Tun da gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, Larabawa suka fara zuwa Lafiya da ƙafarsu neman riɗi. Ya'akubu ya dace da wani ɗan Jidda mai jin Hausa, shekara biyu ke nan yana haɗa masa kaya daga Obi da ƙauyuka.

Ranar da baƙon ya dawo, Sharifa, matar Ya'akubu, ta kawo musu ruwa zaure, 'yarta Iyatu na riƙe da bakin zanenta. Balaraben ya buɗe wani gwangwani yana fara'a.

"Maman Iyatu, ga riɗinku ya je Hajji ya dawo. Na bara ne, da shi aka yi alawar nan."

Ya gutsuro ya miƙa wa yarinyar. Kafin ta kai baki Sharifa ta doke hannun, alawar ta faɗi cikin ƙasa. Iyatu ta fasa kuka.

"Ke, lafiya?" in ji Ya'akubu. Sai ya ƙaƙaro dariya. "Alhaji, haƙoranta take wa tsoro. Haƙora huɗu, gadi kamar banki."

Ba haƙora ba ne, kuma ya sani. Da hannunta Sharifa ta barbaɗa farin garin maganin ƙwari cikin buhunan bara, yana cewa ta ƙara, tafiyar jirgin ruwa doguwa ce. Nasu na ci kuwa a tulu ta ajiye shi, ta liƙe bakin da laka. Wancan na waje ne. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa a wajen ma baki ne zai ci ba.

Balaraben ya daɗe yana kallon alawar da ke ƙasa, sannan ya rufe gwangwanin a hankali.

"'Ya'yana kullum da ita suke karyawa," ya ce.

Sharifa ta ji kamar an yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Ya'akubu na ta harararta: buhunan bana suna ɗaki an ɗinke, su ma da maganin a ciki, kuma kuɗinsu ne abincin gidan har damina.

"Ƙaramin cikinsu... shekararsa nawa?" ta tambaya, idonta a ƙasa.

Balaraben ya nuna Iyatu da haɓa.

Ta saɓa yarinyar a baya, ta ɗaure zane tamau.

"Baban Iyatu, ba ni makullin ɗakin. Alhaji, kada ka ɗora na bana a mota sai ka sa hancinka a ciki."